Yadda ake kwance robobin tsohon babur roba-roba ba tare da an fasa su ba

Duk aikin da za a yi wa babur roba-roba, ko wankin kafireta ne, ko bin sawun wayar da ta tsinke, ko sabon fenti, sai an fara tuɓe masa robobi. A nan ne kuma ake yin yawancin ɓarnar. Roba in ta shekara takwas ko goma tana shan rana, man jikinta ya ƙone, ta bushe kamar ƙwarya. Ƙananan kunnuwan da ke maƙale wannan roba da waccan su ne ke fara karyewa, kuma da zarar sun karye babur ya shiga kaɗa ƙararrawa ke nan a kan hanya.

Bayanin nan ya shafi baburan 110 irin su Jincheng da Lifan da Haojue, waɗanda kusan duk tsarin jikinsu ɗaya ne da na Honda mai buɗaɗɗen tsakiya. Inda tsohuwar Honda C50 ko C70 ko C90 ta bambanta, za a faɗa. Wurin sukuru kan ɗan sauya daga kamfani zuwa kamfani, amma jerin aikin bai cika canzawa ba.

Kayan aiki

Sukudireba mai baki huɗu, lamba 2, mai tsawo, wanda bakinsa bai cinye ba. Wannan shi ne rabin aikin. Sai gajeren sukudireba na lungu, da mai faɗin baki ɗaya. Sufana 8 da 10 da 12 da 14, in da hali irin mai siffar T ko soket, domin sufana mai buɗaɗɗen baki tana goge kan noti. Filaya mai dogon baki da filaya mai kulle. Ƙaramar guduma. Man fesa tsatsa irin WD-40. In babu, a gauraya kananzir da ɗan man inji. Ruwan sabulu a roba. Salatif na takarda da biro. Faffaɗan kwali guda biyu, ɗaya na shimfiɗa, ɗaya na soke sukurori. Tsummoki. Sai wayar hannu domin ɗaukar hoto.

Abin ɓamɓare roba kada ya zama ƙarfe tsirara. Tsohon katin banki ko katin sim babba yana yi, haka ma ƙotar cokalin roba mai kauri. In dole sai da sukudireba mai faɗi, a naɗe bakinsa da salatif ninki uku.

Akwai abu ɗaya game da sukudireba da ya kamata mai koyo ya sani. Sukurorin baburan Japan na asali ba irin na Phillips ba ne, wato masu gicciye da aka saba gani, ko da yake ido ba ya rabewa. Nasu ana ce musu JIS, kuma galibi za ka ga ɗan ɗigo guda a kan sukurun kusa da gicciyen. Sukudireban Phillips ba ya zama daram a cikinsu, yana ɗagowa in an matsa, shi ya sa kan sukuru ke cinyewa tun kafin ya motsa. In ba ka samu na JIS ba, ka ɗan goge tsinin na Phillips da zarto kaɗan domin ya nutse sosai. Ka gwada shi a cikin sukurun: in yana rawa, nemi wani.

1. Shirya babur da wurin aiki

Ka kafa babur a kan babban sitan, a ƙasa mai siminti ko a kan shimfiɗa. Sukurun da ya faɗa cikin yashi ya tafi ke nan. Inji ya huce sarai, domin robar gefe in ta taɓa salansa mai zafi nan take take narkewa. Ka wanke babur tukuna. Laka da bakin mai suna ɓoye kan sukuru, musamman na ƙarƙashin inji.

Lokacin aiki ma yana da tasiri. Da sanyin safiyar hunturu roba tana da gautsi ƙwarai, ɗan lanƙwasawa kaɗan sai ka ji ƙas. Ka bar babur ya sha hantsi kamar rabin awa, ko ka zuba ruwan ɗumi a kan mahaɗar robobi kafin ka taɓa su. Banda wuta, banda fitilar walda, ga fetur a kusa.

Ka rufe famfon mai in babur yana da shi, ka zare makulli. Ka zagaya babur da wayarka kana ɗaukar hoto ta kowane ɓangare, kusa-kusa, musamman inda roba biyu suka haɗu, domin ka ga wace ke sama wace ke ƙasa. Sannan ka fesa man tsatsa a kan duk notin da ka gani, ka ba shi minti goma sha biyar. Ka goge wanda ya zubo a kan fenti.

A kan kwalin sukurori ka zana hoton babur, ko da zanen yara ne. Duk sukurun da ka cire, ka soke shi a daidai wurinsa a zanen. Dalili shi ne sukurorin nan kamarsu ɗaya amma tsawonsu daban. Dogo in ya shiga gurbin gajere sai ya huda roba ta waje ko ya soki waya.

2. Cire batir

Kan ragi ake fara kwancewa, wato mai alamar (−), sannan na tarawa mai jar waya. In ka fara da jan kuma sufana ta taɓa ƙarfen babur, wuta za ta tashi. A yawancin 110 batir yana ƙarƙashin siti ko bayan wani ɗan murfi a tsakiyar ƙafafu. A tsohuwar C70 da C90 yana bayan murfin gefen dama. In batir mai ruwa ne, ka lura da siririn tiyon numfashinsa, kada ruwan ya ɗiga a kan fenti ko tufafinka.

3. Madubai, kwando da kariya

Madubi yana da notin kulle a gindinsa, sufana 14. Ka sassauta notin, sannan ka juya madubin gaba ɗaya. A baburan Yamaha, da wasu da suka kwaikwaye su, zaren madubin dama a juye yake: yana kwancewa ne ta ɓangaren da sauran notuna ke ɗaurewa. In ka ji ya ƙi, gwada ɗaya ɓangaren kafin ka ƙara ƙarfi.

Kwandon gaba da kariyar tsakiya, wato ƙarfen ɗora kaya, notuna 10 ne ke riƙe da su, uku ko huɗu. Sau da yawa waɗannan notunan su ne kuma ke riƙe da robar da ke ƙarƙashinsu, don haka su ne farkon fita.

4. Fahimtar abin da ke riƙe da roba

Kafin ka ja komai, ka san abubuwa huɗu da ke riƙe robar babur, domin kowanne da yadda yake sakin jiki.

Na farko noti ne mai shiga ƙarfen babur, kansa 8 ko 10. Yawanci yana ratsa wata 'yar zoben roba baƙa mai ɗan bututun ƙarfe a ciki. Wannan bututun shi ke hana noti matse roba har ta tsage. Yana da saurin faɗuwa, kuma mutane da yawa ba su san amfaninsa ba sai sun ga tsaga ta fito kewaye da ramin.

Na biyu sukuru ne mai tsini, wanda ke shiga cikin roba kai tsaye ko cikin wata 'yar maƙalar ƙarfe da aka ɗosana a bakin robar. Maƙalar nan in ta yi tsatsa takan juya tare da sukurun, ta yage robar.

Na uku ɗan tsinke ne na roba mai kumburarren kai da ke nutsewa cikin zoben roba a jikin ƙarfe. Wannan miƙe ake jan sa, kusa da inda yake, bayan an ɗiga ruwan sabulu.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne cin mutane, su ne kunnuwa masu ƙugiya. Waɗannan ba a jan su waje ko kaɗan. Zamewa suke yi: ka tura robar gaba ko baya kamar faɗin yatsa ɗaya, sannan ta ɗago da kanta. Ka haska fitila ta cikin mahaɗar ka ga inda ƙugiyar ta fuskanta.

Abin da za ka riƙe a duk matakan da ke tafe shi ne, in roba ta ƙi fitowa da ƙarfin yatsu biyu, akwai abin da ba ka kwance ba. Ka tsaya ka duba ƙarƙashin tabarmar ƙafa, cikin akwatin siti, bayan sitika, da ta ƙasan inji. Tsohon babur kuma ya ratsa hannaye da yawa. Kada ka yi mamakin samun waya da aka ɗaure roba da ita ta ciki, ko sukurun katako a inda kamfani bai sa komai ba.

5. Robar tsakiya da robar ƙirji

Robobin babur kamar jinka suke, kowace tana danne bakin wata, don haka wadda ke sama ita ce ta farko. A yawancin 110 robar tsakiya, wadda ke tsakanin gwiwoyi daga makulli zuwa gindin siti, ita ke danne garkuwar ƙafa ta hagu da ta dama. Ka buɗe siti, ka cire sukurori biyun da ke bakin akwatin, ka cire na wajen makulli da na ƙugiyar rataya kaya. Ka ɗaga ta daga baya, ka zame ta. Wajen makulli a wasu babura akwai zoben roba da ke kewaye da ramin, juya shi ake yi ya fita.

Robar ƙirji, wadda ke gaba a saman madgad, sukurori biyu ko uku ne ta gaba, wasu kuma ta baya ta cikin garkuwar ƙafa. Na bayan nan su ake mantawa. In akwai sigina a jikinta, kada ka janye ta da nisa: ka riƙe ta da hannu ɗaya, ka zare soket ɗin wayarta da ɗaya hannun. Hon yana nan bayanta, ba sai an taɓa shi ba.

6. Garkuwar ƙafa

A 110 garkuwar biyu ce, hagu da dama. Kowace tana da noti ɗaya ko biyu a ƙasa kusa da inji, ɗaya a sama, sai kunnuwa da ke haɗa ta da 'yar'uwarta. Ka fara da notunan ƙasa, domin su ne suka fi shan ruwa da laka, ka bar na sama ya riƙe nauyin. In ka yi akasin haka robar za ta rataya a kan noti ɗaya na ƙasa ta tsage a wurin. Ka karya kan babur zuwa ɗaya ɓangaren domin ka samu fili.

Ta tsohuwar Honda daban ce. Garkuwarta guda ɗaya ce, farar roba mai laushi, irin wadda Honda ta fito da ita tun Super Cub na farko a 1958. Notuna huɗu ke riƙe ta a gefen inji, biyu kowane ɓangare, da murfin abin tace iska a sama, da wani ɗan ƙarfe mai danne ta ta baya. Bayan ka kwance su sai ka ɗan buɗa ƙasanta da hannu biyu ka ɗago ta sama da baya. Ka lura da hannun cok da famfon mai da ke jikin kafireta, suna leƙowa ta ramin gefe, kuma suna kama bakin robar. Akwai bututan ƙarfe a bayan notunan nan masu raba roba da inji, tsawonsu ba ɗaya ba ne, ka soke kowanne a kwali tare da notinsa.

7. Robar kai: fitila da mita

Nan ne wayoyi suka taru, nan ne kuma ya fi son haƙuri. Robar kai gida biyu ce. Ta gaba tana ɗauke da fitila, ta baya tana ɗauke da mita da maɓallai. Ta gaba ake fara cirewa. Akwai noti ɗaya a ƙarƙashin fitila, da sukurori ta bayan kai kusa da gindin madubai da ƙasan mita. Ka bambance notin saita hasken fitila da na riƙe roba. Na saiti yana cikin dogon rami, in ka kwance shi ka yi masa alama da biro.

Bayan sukurori, saman robar yana maƙale da ƙananan haƙora a jere. Ka danna robar baya da babban yatsa kusa da mahaɗar, ka sa kati, ka bi su ɗaya bayan ɗaya daga gefe zuwa tsakiya. In ta saki, ka jingina ta a kan tsumma bisa madgad, ka zare soket ɗin fitila da na sigina. Soket ake kamawa, ba waya ba. Yawancinsu suna da ɗan harshe da ake dannawa. Masu kan harsashi, wato waya ɗaya cikin ɗaya, a murɗa su kaɗan ana ja.

Launin waya a Honda, wanda yawancin baburan China suka bi, zai taimake ka wajen mayarwa: kore shi ne na ƙasa, wato mai komawa jikin ƙarfen babur, ruwan lemo siginar hagu, shuɗi mai haske siginar dama, shuɗi sosai babbar fitila, fari ƙaramar fitila, baƙi wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli, ja kuma daga batir. Sai dai tsohon babur an sha yi masa ƙari da kowace irin waya aka samu, saboda haka kada ka dogara da launi kaɗai. Ka naɗa salatif a kowane ɓangare na mahaɗa ka rubuta lamba ɗaya a duka biyun.

Robar baya ba ta fita sai an kwance wayar mita. Tana da zoben ƙarfe mai gurzau a ƙarƙashin mitar, da yatsa ake juya shi, in ya ƙi a sa filaya a hankali. Ka riƙe ta a tsaye kada zaren cikinta ya zame ya kwashi ƙasa. Sannan sukurori uku ko huɗu da ke ɗaure robar a ƙarfen kai, da soket ɗin maɓallai. In cok yana kan hannu, ka kula da wayarsa. In babur mai birkin faifai ne, kada ka karkata kwalbar man birki, man nan yana cin fenti yana kuma tsaga roba; in ya ɗiga a wanke da ruwa nan take.

8. Siti, robobin gefe da fitilar baya

Siti notuna biyu ne a wajen maɗaurinsa, 10 ko 12. Ƙarfen riƙo na baya ko kariya notuna huɗu ne, 12 galibi, kuma yana danne robobin gefe, don haka dole ya fita.

A yawancin 110, robar gefen hagu da ta dama da fitilar baya suna haɗe, kuma ya fi sauƙi a cire su a dunƙule. Ka kwance sukurorin saman da ke kewaye da tanki, da na ƙasa kusa da matakin fasinja, ka zare soket ɗin fitilar baya. Makullin siti yana jikin robar hagu a babura da yawa, da wata 'yar waya ko sandar ƙarfe da ke zuwa maƙalar siti. Ka zare ta tukuna. Daga nan ka tsaya a bayan babur, ka ɗan buɗa gaban robobin biyu da hannuwanka, ka ja baya. Buɗawa kaɗan, daidai yadda za su wuce tanki. In da wani a kusa ya kama maka gefe ɗaya, ya fi. Raba su da fitilar a kan kwali ake yi, a kife, inda kake ganin sukurorin ciki.

9. Madgad

Madgad ɗin gaba a wasu gida biyu ne. Na gaba yana fita da notuna uku ko huɗu, na baya kuwa sau da yawa sai an cire taya. In aikin da ya kawo ka bai shafe shi ba, bar shi. Na baya ma haka, yana ɗauke da lamba da wayoyi, ba kasafai ake bukatar cire shi ba.

In sukuru ya ƙi

Da ka ji sukudireba ya zame sau ɗaya, tsaya. Zamewa ta biyu da ta uku su ke mayar da gicciye rami. Ka share cikin kan sukurun da allura, ka sa sukudireba, ka ɗan buga ƙotarsa da guduma sau biyu ko uku domin tsatsa ta saki. Wannan a kan sukurun da ya shiga ƙarfe kaɗai ake yi. Wanda ke cikin roba in ka buga shi gindin zai fashe. Wajen juyawa, yawancin ƙarfinka ya tafi ga dannawa, kaɗan ga murɗawa. Ɗan matsa shi gaba kaɗan kafin a dawo baya yakan karya tsatsa.

In kan ya riga ya cinye, ka kama gefensa da filaya mai kulle. In babu wurin kamu, ka yanka masa layi da tsinken zarto ka sa sukudireba mai faɗi, bayan ka rufe robar kewaye da salatif. In maƙalar ƙarfe ce ke juyawa a baya, ka riƙe ta da filaya mai dogon baki. Mataki na ƙarshe shi ne huda kan sukurun da na'urar huda har ya fita, amma a hankali kuma ana tsayawa, domin zafin hudar yana narka robar da ke kewaye, garin neman gira a rasa ido. Bayan robar ta fita, guntun da ya rage yana da wurin kamu.

Ajiya da gyaran abin da ya tsage

Ka jera robobi a inuwa, fenti yana kallon sama, kada a ɗora wata kan wata. Ka wanke cikinsu da ruwan sabulu. Fetur da tina suna kashe ƙyallin roba, suna kuma ƙara mata gautsi.

Tsaga tana tafiya in ba a tare ta ba. Ka huda ɗan rami kamar milimita 2 a daidai ƙarshenta, sannan a liƙe ta ta ciki. Robobi masu fenti yawanci irin robar da ake ce wa ABS ne, suna karɓar gam, suna kuma narkewa su haɗe da ƙarfen narka dalma na masu gyaran rediyo. Baƙaƙen da ba su da fenti, da farar garkuwar tsohuwar Honda, gam ba ya kama su. Sai dai liƙin wuta da guntun roba irin tasu. Masu liƙin bokiti da robar ruwa a kasuwa sun iya wannan, kuma in an nutsa 'yar siririyar waya a cikin liƙin ya fi ƙarko. Kunnen da ya karye kada ka jefar, a mayar da shi tun robar tana ƙasa.

Mayarwa

Jerin a juye yake: gefe da baya, robar mita, robar fitila, garkuwa, ƙirji, tsakiya. Zoben roba da ya bushe a sauya shi, ko a yanka guntun tsohon tib a sa a madadinsa. A shafa ɗan giris a zaren notunan da ke shiga ƙarfe.

Kafin ka rufe robar kai, ka haɗa batir, jan waya tukuna sannan ta ragi, ka gwada fitila da sigina da hon da fitilar birki. Ka karya kai hagu da dama har ƙarshe, ka tabbata babu wayar da ke miƙewa ko ta shiga tsakanin roba da ƙarfe, kuma totur yana komawa da kansa.

A kowace roba, kunnuwa ake fara zaunarwa, sannan a sa duk sukurorinta sako-sako, sai bakin ya daidaita a bi su a ɗaure. Sukurun da ke shiga roba, ka fara juya shi baya a hankali har ka ji ya faɗa tsohon zarensa, sannan ka ɗaure. In ba haka ba zai yanka sabon zare, bayan sau biyu ko uku ramin ya lalace. Da ya zauna ka ƙara masa kamar kwata na juyi ka bar shi. In ramin ya riga ya buɗe, ka tsoma guntun roba siriri a ciki kafin sukurun, ya fi sa babban sukuru wanda zai fasa gindin. Bayan tafiyar kwana biyu ka sake bin notunan ƙasan garkuwa da na kariya da sufana, su ne jijjigar inji ke fara sassautawa.